Illiya mai majigi da hotunan Zongo

Illiya jikan fataken goro ne, amma bai taɓa ɗaukar huhu ba. Tun yana saurayi ya kama sana'ar hoto a Zongon Wagadugu, daga baya ya ƙware a diyapo, 'yan hotunan nan da ake haskawa a bango da majigi. Ma'aikatan lafiya shi suke nema in za su yi wa mata bayanin rigakafi. Ƙa'idarsa hoto ɗaya magana ɗaya, rubutu manya-manya, don na baya ma ya gani.

Shekarar da aka fara raɗe-raɗin za a rushe unguwa, wasu mutum biyu suka same shi da Faransanci, wai daga wata ƙungiyar tsabta suke, suna son hotunan unguwar don jawabin da za su yi a taro. Ya zaga lungu-lungu yana ɗauka. Da suka zo zaɓe, sai suka ware na kwata da rusassun katangu, suka ture na masallaci da zaurukan baƙi gefe.

"Waɗannan fa?" in ji Illiya.

"Ba su dace da jawabin ba."

"Wa za a nuna wa?"

Suka dubi juna. Nan ya gane hujjar rushe unguwa suke nema. Ya tattara hotunansa, ya ce sinadarin wankin hoto ya ɓata sauran, su dawo jibi. Da suka dawo, suka tarar da shago a rufe.

Sai dai unguwa ta riga ta gan shi da kyamara a ƙofofin mutane. Zulaihatu mai waina, maƙwabciyarsa, ta tare shi. "Malam Illiya, gidana ka ɗauko musu?"

Ya rantse mata bai ba kowa ba. Ta ce to, ta ci gaba da juya waina. Daga ranar, in ya nufo majalisa sai hira ta koma ta ruwan sama.

Aka rushe unguwar, mutane suka watse. Illiya ya samu ɗaki a unguwar Cissin. Yanzu in ana suna a gidan wani tsohon ɗan Zongo, shi ake kira ya rataya farin zane bayan magariba ya haska hotunan, kowa ya ga ƙofar gidan ubansa. Sukan yi kuka, su yi masa godiya. Duk da haka, har yau ba a rasa mai raɗa wa na kusa da shi cewa banza ba ta sa mutum ya ɗauki gida-gida haka.