Lomar Farko

Safiyar Juma'ar farko ta dogon hutu, ina 'yar shekara goma, Umma ta aike ni sayo gurasa a bakin layinmu da ke unguwar Dokki a Alƙahira. Tun ina kan matattakala na ji shirun. Layinmu ba ya rabuwa da karnuka, jajaye-jajaye masu tsayayyun kunnuwa, da ke kwana kan rufin motoci suna yi wa mai sayar da gas haushi idan ya zo yana ƙwanƙwasa tukwanensa. Ran nan kuwa duk suna ƙasa, kwance, ƙafafu a sandare, kumfa a baki. Wasu ne suka bi layin da nama mai guba. A ƙarƙashin motar da Baba ke tuƙawa a ofishin jakadanci na hango wata 'yar karya tana karkarwa. Ammu Hasan, mai gadin benenmu, ya jawo ta da tsumma, ya ɗura mata madara da ruwan gishiri har ta amayar. Cikin tara, ita kaɗai ta tashi.

Na yi kuka, na yi rantsuwa, na yi alkawuran da na san ba zan cika ba, har Baba ya yarda ta zauna a lungun ƙarƙashin matattakala. Umma ta kafa sharaɗi: ba za ta taka mana gida ba, kuma duk ranar da miyaunta ya taɓa ni sai na wanke hannu sau bakwai, ɗaya da ƙasa. To ina ƙasa a hawa na uku a Dokki? Sai ta tukunyar na'ana'ar Umma da ke baranda. Baba ya raɗa mata suna Baƙuwa, don a cewarsa ko amarya ba ta kai ta noƙewa ba.

Matsalar ita ce ta ƙi cin abinci. Duk abin da hannun mutum ya ajiye, sai ta ja da baya ta manne da bango, idanunta na kan hannun, ba kan abincin ba. Na gwada zuro mata ƙashin kaza cikin kwandon da muke saukewa da igiya daga baranda don mai kanti ya saka mana kaya. Ta shinshina, ta koma lungu. Kwana biyar ruwa kawai take lasa, haƙarƙarinta ya fito ana iya ƙirgawa. Umma, wadda ke cewa ba ruwanta da ita, ta tsaya a kaina ina sharɓar hawaye a kicin, ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. A garinmu wa ke miƙa wa baƙo ruwa bai fara kurɓa ba?"

Na sauka da gurasa, na zauna nesa da ita a kan siminti, na gutsura na tauna a hankali yadda za ta gani, na haɗiye, sannan na tura mata ragowar. Ta daɗe tana kallon bakina, kamar mai jiran ta ga na faɗi. Da ban faɗi ba, ta miƙo wuya ta ɗauka. Daga ranar haka muka riƙa yi. Har bayan hutu ya ƙare, kafin motar makaranta ta zo, bayan na shanya wanki, bayan na dawo daga karatun allo wajen wani ɗalibi ɗan Zinder, kullum lomar farko tawa ce. Wake, shinkafa, busasshiyar gurasa, har abin da ba na so na ci dominta. Idan muna wasan 'yar gala-gala da yaran bene, tana kwance tana leƙenmu, amma ko Mariyam 'yar Ammu Hasan ce ta matso da abinci sai ta ɓuya. Ranar da ta fara lasar tafin hannuna na hau sama da gudu ina murna, Umma ta nuna mini tukunyar na'ana'a. Kafin shekara ta zagayo, ƙasar ta yi rabi.

Sai aka ce aikin Baba ya ƙare, nan da wata biyu za mu koma gida, kuma ba a tafiya da kare. Baba ya zaunar da ni ya ce, "Idan daga hannunki kaɗai take ci, ranar da muka tafi yunwa ce za ta kashe ta." Gaskiya ya faɗa, na kuwa ɗauki abin da gaske. Na sa Mariyam ta riƙa gutsura a gabanta. Daga nan Ammu Hasan, sai mai kanti, sai mai guga na ƙarshen layi. Sannu a hankali muka daina gutsurar ma, na riƙa shafa kanta ina cewa yalla, maza ci, ba komai. Na fito da ita daga lungu zuwa bakin ƙofa. Har baƙin da ban sani ba nake tarewa in roƙe su su miƙa mata. Ranar da ta karɓa daga hannun wani mai wucewa tana kaɗa wutsiya, na yi ta tsalle, ina jin babu wanda ya kai ni iya aiki.

Saura kwana uku mu tashi, na sauko da safe na sake jin shirun nan. Ba a ƙarƙashin mota na same ta ba. Tana kwance a fili, daidai bakin ƙofa, inda na koya mata tsayawa. Ammu Hasan ya dafa kaina ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, 'yata. Mai kanti ya ce a hannu ta karɓa." Na rungume ta har mai kwasar shara ya iso. Umma da kanta ta wanke mini hannu sau bakwai da ragowar ƙasar.

Yanzu ina da 'ya'ya uku a Kaduna, kuma har yau ba na miƙa musu ko ruwa ban kurɓa ba. Suna tsokanata wai kwaɗayi ne, ni kuma ban taɓa gaya musu ba. Bara na kai Umma asibiti a Alƙahira, na zaga tsohon layinmu. Karnukan yanzu da alamar rigakafi a kunne, wata mata na zuba musu abinci suna rububi. Guda ɗaya ce ta maƙale a ƙarƙashin mota, idanunta na kan hannun matar. Akwai gurasa a jakata, har na gutsura na kai baki. Sai na mayar, na bar mata tsoronta.