Igiyar da Kaka Ya Riƙe

Duk sanda ƙarnin ɗanyen kifi ya bugi hancina, kakana nake tunawa, mahaifin babana. Manomin auduga ne a ƙauyenmu kusa da Hasahisa, a yankin Jazira na ƙasar Sudan, amma bai taɓa yarda kifi ya shiga akushinsa ba.

Wata shekara da kaka, ana tsakiyar tsinkar auduga, kawuna ya kamo kififiya a magudanar ruwan gona. Mu yara muka kewaye ta, har an fara hura wuta. Kaka ya zo ya ɗauke ta, ya mayar da ita ruwa. Na bi shi ina kuka. Ya zauna a bakin magudanar, ya ce, "Ke ɗiyata, zo ki ji."

Ashe suna samari shi da ƙanensa sun kai Sawakin, bakin teku, da niyyar hajji. Jirgi bai samu ba, suka shiga aikin masunta. Ƙanen ya koyi nutso. Kullum sai ya fito yana ba shi labarin kunkurun teku: yadda yake yawo tsakanin duwatsun murjani yana gatsar abinci da baki irin na shaho, yadda yake cusa kai ƙarƙashin dutse ya yi barci, ya taso a hankali ya shaƙi iska ya koma.

Ran nan mai kwale-kwalen da suke wa aiki ya hango wani babban kunkuru, ya ce a kamo shi saboda ƙoƙon bayansa. Ƙanen ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗa ruwa. Kunkurun ya nutsa da shi, igiyar ta sarƙe a murjani.

"Ni nar riƙe bakin igiyar," in ji kaka. "Na ja har tafina ya tsage."

Ƙanen bai sake fitowa ba. Kaka bai ƙetare tekun ba. Ya juyo Jazira, bai ƙara zancen Makka ba har ya rasu.

Yanzu yaƙi ya koro mu Bur Sudan. Na tambayi wani tsohon masunci, ya ce kunkurayen teku sun yi ƙaranci, raga da leda sun cinye su. Na ba jikokina labarin da Hausa, suka ce in maimaita da Larabci. Kabarin kaka yana can ƙauye, shekara biyu ban ziyarce shi ba. Ƙanensa, wanda ko sunansa ban tambaya ba, shi nake tsayawa bakin ruwa ina yi wa addu'a.