Ranar da Muka Kai Fiyano Gona

Shekarun baya, lokacin da kaset ke tashe, ni da yayana mun taɓa zama makaɗa. Ban ce mawaƙa ba, don kiɗanmu ko baiti ɗaya babu. Wani ɗan bautar ƙasa da ya koyar a Bukkuyum ne ya bar mana kaset na kiɗan rawa da ake kira hawus: dum-dum-dum, ba hutu ba sassauci. Yayana ya sayar da tunkiyarsa ya sayo tsohuwar fiyano a Gusau. Shi ke danna amo, ni ke riƙe da maɓallan bugun ganga. Kaset ɗaya tal muka fitar, kuma babban masoyinmu shi ne mai gyaran rediyo na kasuwar Gummi, da shi yake gwada lasifika. Inna kuwa cewa take, "Ko injin niƙa shina hutawa."

Sai yayana ya ga yarinya a Zugu. Mahaifinta ya ce ba zai ba mai danne-danne 'yarsa ba sai ya ga nomansa. Aka sa ranar gayya. Ana gobe za a yi, zazzaɓi ya kwantar da mai gangar noma. Yayana ya ce, "Mu ad da kiɗi, wa za mu roƙa?" Muka ɗora fiyano da lasifika da batirin mota a amalanke.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, a gayya abin kunya ne saurayi ya miƙe alhali ganga na tashi. Makaɗi na gaske bayan manoma yake kallo. In ya ga sun jigata sai ya sassauta, ya shiga kirari, su numfasa. Ni kuwa idona na kan maɓallai, ina jin kaina kamar a Legas.

Samari suka duƙa, yayana a gaba. Ga 'yan mata sun kawo fura suna kallo, wa zai fara miƙewa? Suka cinye gonar tsohon, suka tsallake iyaka, suka faɗa ta maƙwabci, wanda ya zauna gindin kanya yana ta sa musu albarka. Can na hango yayana yana ɗago mini hannu. Na ce a raina, yau dai ya yaba, na ƙara sauri.

Tsohon ne ya tako da kansa ya fizge wayar batiri. Samari suka zube kamar buhunan gero. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, wanga kiɗi naku ba ya da tausai? Kashe mani suruki za ka yi tun ba a ɗaura ba?"

Yayana na kwance ya ji kalmar suruki, ya washe baki, amma tashi ya yi godiya ya gagara. Sharaɗi ɗaya tsohon ya kafa: fiyano ba za ta kwana gida ɗaya da 'yarsa ba. Tun bai rufe baki ba yayana ya ce ya yarda, ko kallona bai yi ba. Nan sana'armu ta mutu, a gonar maƙwabci.

Gaskiya abin ya yi mini zafi, na yi wata ban shiga ɗakinsa ba. Sai da na girma na gane laifina ne: wanda ya riƙe wa mutane ganga, su ya kamata ya kalla, ba yatsunsa ba. Har yau ina kewar zaman nan namu, mu biyu a kan fiyano ɗaya. Shi kuma har yau in muka haɗu a sahu ɗaya, da ya duƙa ruku'u sai in ji nishinsa, ana sallamewa kuma ya juyo ya harare ni.