Ɗantani da Ƙidayar Takalma

A yi shiru, a kama awaki, ga Ɗantani na Dandin Mahe! Sarkin dara ba rawani, manomin albasar da ya taɓa barin ruwa ya malale fadama saboda saura masa ci ɗaya. Shekara talatin da huɗu yana haƙa ramukan dara a gindin dogonyaron bakin kasuwa, da karan dawa a hannunsa, abokin karawa kuwa da tsakuwa. Matarsa Kaltume ta ce ranar da ta haifi ɗan fari sai da aka aika masa sau uku, yana cewa bari ya ƙarasa.

Ana nan sai ɗan ƙanwarsa Maniru ya dawo daga Bodinga da sabuwar dara: allon katako mai fenti, marafan kwalba maimakon kara, har da dokar cewa in ka yi kuskure kana iya maida ɗanka. Samari suka ɗora ta kan benci, suka ce inuwar dogonyaro tasu ce yanzu, tsofaffi su koma jikin katanga inda rana ke gasa ƙadangaru.

Ɗantani ya dubi katangar nan, ya shafa sanƙonsa.

"Kawu, zamani ya wuce ku," in ji Maniru. "A gwada ran Juma'a bayan la'asar. Wadda ta hi jama'a ita ad da inuwa."

"Da mi za ka gwadi?"

"Mutane na yawo, ba su ƙidayuwa. Takalma za ni ƙidaya, su ba su motsi."

Ɗantani ya ce ya yarda, da saurin da ya kamata ya sa Maniru tunani. Aka sa mai shayin kasuwa shaida.

Ran Juma'a benci ya cika har yana kuka. Samari sun fi ashirin, wasu a tsaye, ana ta ihun a maida, a maida. Wajen Ɗantani tsofaffi bakwai ne a tabarma, biyu ma gyangyaɗi suke. Maniru ya zo da biro a kunne, ya ƙirga takalma bakwai-bakwai a bakin tabarma, ƙafar dama da ta hagu. Ya juya wajen benci yana murmushi, ya sunkuya. Ya leƙa ƙarƙashi. Ya zaga baya.

Ko silifa ɗaya babu a ƙasa. Wa ke tuɓe takalmi don ya hau benci?

"Ku tuɓe! Ku tuɓe mana!" in ji Maniru. Kafin su gane, mai shayin da aka sa shaida ya riga ya ce tsofaffi sun ci.

Maniru ya tsaya kan Ɗantani yana haki. "Kawu, wallahi kun san mun hi ku yawa! A sake! A maida!"

Ɗantani bai ɗago ba. Ya soka kara a rami.

"Nan ba a maidawa. Matsa, ka take mini rami."