Jakar da Ta Ci Bayan Kujera

Ƙanwar babana ce, Gwaggo muke kiran ta, amma a layinsu Mazari ake ce mata, don ba a taɓa ganin ta zauna wuri guda har shayinta ya huce ba. Wanki da guga take yi a wani otal. Ban da wannan, babu sana'ar da ba ta taɓa ba. Ta yi saƙar huluna ta watsar, ta yi kiwon zomaye ta rabar, ta shiga koyon gyaran fanka har sai da ta kashe ta ɗakinta.

A bas ta ga jakar, tana dawowa daga aiki. Wata mata ce ta ɗora ta a cinya, jaka ce ruwan ƙasa, mai tsayawa da gindinta, irin ta manyan kamfanonin nan da ake ajiyewa bayan gilashi. Gwaggo ta ƙura wa ɗinkin ido har aka wuce inda za ta sauka. Matar ta tsargu, ta rungume abarta.

"Baiwar Allah, lafiya?"

"Lafiya lau, 'yar'uwa. Don Allah ɗan juya min ƙasanta in gani."

Matar ta sauka a tasha ta gaba, ko waiwaye ba ta yi ba.

Da ƙafa Gwaggo ta koma gida, tana tafe tana zana jakar da biro a tafin hannu. Ko mayafi ba ta cire ba ta hau yanka kwali. Ta fara gwadawa da tsohuwar rigar ruwa, jakar ta langaɓe. Ta gwada da yadin labule, ta fito kamar matashi. Fata abin yake so, fatar kirki kuwa guda ce a gidan: babbar kujerar falo. Ta janye ta daga bango, ta yanke bayan tas da reza, ta mayar da ita yadda take.

Daga nan gidan bai sake samun sakat ba. Keken ɗinkinta ya yi ta karya allura har ta haƙura ta koma basilla da guduma. Abinci ya ƙone a kan wuta. A wurin aiki ta bar dutsen guga a kan zanen gado tana tunanin yadda ake naɗe bakin zif. Sai ta ɗinka gefe guda, ta ɗaga, ta karkata kai, ta ja tsaki, ta farke.

Mijinta direba ne da ya ajiye aiki, mutum mai sanyin hali. Rimot ɗin talabijin ne ya faɗa masa bayan kujera, ya janye ta, sai ga katako da soso tsirara.

"Maman yara, ɓera ne ya yi wannan aikin?"

"Malam, bayan kujera wa yake gani? Bango ne kawai, shi kuma bai yi ƙorafi ba."

Ya daɗe yana kallon ɓarnar, sannan ya ɗauke takalmansa na fata ya kai ɗaki ya kulle.

Da ta gama, jakar ta tsaya da gindinta, sai dai ta ɗan karkata hagu. Matar ɗanta ta ce a sayo tambarin ƙarfe a manna, ba mai ganewa. Gwaggo ta ce ita ta huda yatsunta, ba za ta liƙa sunan wani ba. Muka ce to, yanzu dai za ta huta. Ina! Sai ta koma zagayen ɗaki, ta buɗe jakar ta rufe, ta rasa inda za ta sa hannunta, ta dinga neman mutane da faɗa.

Ranar da muka je duba wata maƙwabciya a asibiti, muna hawa bene hannun jakar ya tsinke. Makullai, waya, lemo, komai ya gangara ƙasa. Na duƙa ina tsinta ina ba ta haƙuri. Da na ɗago, na ga fuskarta ta washe, tana jujjuya wurin da ya yage.

"Ka gani? Ɗinki biyu ya kamata in yi a nan. Kai, ka gaishe min da mara lafiyar, ka ce ina tafe."

Ta cusa jakar a hammata, ta sauka benen da sauri, ta bar ni da lemo a hannu.