Zanen Ba Kyari a Kan Harsashin Wani

Jibrilla Bamanga ɗan unguwar Dawaki ne. Mahaifinsa ya so ya riƙe shanu kamar yayyensa, shi kuwa ya kama hanyar boko, ya ƙare da ɗan shago a bakin Kasuwar Gombe inda yake gyaran kwamfuta. Ba mai yawan magana ba ne. In babu aiki, sai ka same shi yana rubuta manhaja.

A shekarar da aka ci garin Bama da yaƙi, wani dattijo mai suna Ba Kyari ya gudo daga can, ya iso Gombe da iyalinsa. Gwanin aikin wuyan riga ne, amma takardun zanen da ya gada sun ƙone tare da gidansa, sai abin da ya rage a kansa. Ya samu aiki wurin wani tela mai keken surfani irin na kwamfuta, a jikin shagon Jibrilla. Nan Jibrilla ya rubuta masa manhaja: tsoho ya zana, ita ta juya zanen yadda keken zai ɗinka. Sannu a hankali Ba Kyari ya zuba mata duk abin da ya iya tunawa, kuma ba ya da wata ajiya sai ita.

Jibrilla ya sa manhajar a intanet kyauta, kowa ya ɗauka, ya gyara yadda yake so. Ya kuma aika wa wata ƙungiyar masu tara irin waɗannan manhajoji. Suka yaba, suka ƙi karɓa. Wai ya gina ta a kan harsashin wani babban kamfani, wato tushen da ake ɗora manhaja a kai, kuma kamfanin ya yi rajistar wasu dabarun harsashin a matsayin mallakarsa. Duk ranar da ya ga dama zai iya kai ƙara, ko ya canza sharaɗi, manhajar ta daina tashi.

Jibrilla ya karanta alkawarin da kamfanin ya wallafa cewa ba zai kai kowa kotu ba. Ya sake karantawa, ya ga alkawarin ya rufe wani ɓangare ya bar wani, ya kasa gane a wanne aikinsa ya faɗa. Ya tambayi wani lauya da ya kawo gyara, lauyan ya ce shi shari'ar filaye ya sani.

Dole ya gaya wa tsohon.

“Injiniya, ba kai ka rubuta ba?” in ji Ba Kyari.

“Ni na rubuta, Baba.”

“To naka ne.”

“Nawa ne. Abin da yake tsaye a kai ne ba nawa ba.”

“Mai shi ya ce ka tashi?”

“Bai ce ba. Ina jin bai ma san da ni ba.”

“Wanda bai san da kai ba shi ya hana ka cin tuwo? Kai, karatu ma ciwo ne!” Tsohon ya yi dariya, can kuma ya tsuke fuska. “Mu ma a Bama haka muka yi ta cewa wa ya san da mu. In zai zo, ta wace hanya zai biyo?”



Jibrilla ya shiga sake rubuta manhajar a kan wani harsashi da aka ce babu mai iko da shi. Ya kai rabi, sai ya ji an sayi kamfanin da ya ƙirƙiro wannan harsashin na biyu, sabon mai shi kuma yana kotu da wani a kansa. Ya zauna da manhaja biyu, tsohuwa mai aiki da yake tsoro, sabuwa kuma tana karkata wuyan riga.

Ba Kyari bai gane ko ɗaya ba, ya dai ga mai gadin zanensa ya rame. Ya shiga kasuwa ya yanko farin yadi, ya ce a kunna tsohuwar tun tana tashi. Suka yi ta ɗinka zanen ɗaya bayan ɗaya a jikin yadin, Jibrilla na riƙe da gefe, har suka ƙare. Tsohon ya naɗe, ya sa a jakar da yake rataye da ita ko masallaci za shi.

Jibrilla bai goge ko ɗaya daga cikin manhajojin ba. In tela ya tambaye shi wacce zai ɗauka, yakan sosa ƙeya ya ce, “Ɗauki duka, ka kuma nemi yadi.”