Alhaji Sa'idu da 'Ya'yansa Biyu Cikin Ihrami

Na wuce shingen bincike na Shumaisi ke nan, ina kan hanyar Jidda daga Makka, wayata ta yi ƙara. Ammu Bakur ne, maƙwabcin Alhaji Sa'idu a unguwar Zahir, dattijo haihuwar Makka wanda Hausarsa ba ta yin nisa sai ta jingina da Larabci. Bai yi sallama ba. Ya ce, "Ya Malam Tukur, tsaya gefen hanya tukuna." Na tsaya. Ya ce Alhaji ya yanke jiki ya faɗi a kasuwa, a shagon mai katifa, kafin motar asibiti ta iso rai ya yi halinsa.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na daɗe a cikin motar ina kallon sitiyari. Da safiyar nan muka karya tare da ful da tamis, dafaffen wake da gurasa irin na nan, yana yi mini tsiya cewa tuƙina irin na mai karanta littafi ne, ina tsayawa a kowane waƙafi. Shi ne ma ya aike ni Jidda. Ko ciwon kai bai ambata ba. Har yanzu da nake wannan rubutu, nakan ɗauki waya in kira shi, sai na ga sunansa sannan in tuna.

Mutanen Zahir suna kiransa Sa'idu Amurka, sunan da bai taɓa so ba kuma bai taɓa iya kankarewa ba. Ya bar Kano yana saurayi ya tafi karatun injiniya, ya ƙare a wata masana'antar kayan gyaran mota a wani ƙaramin gari na jihar Ohio. Can ya yi ƙuruciyarsa, can ya haifi 'ya'yansa biyu, Mukhtar da Bashir, can kuma ya binne mahaifiyarsu, Hajiya Rabi. Bayan rasuwarta ya dawo Makka yana yi wa alhazan Amurka jagoranci. Ni kuwa karatu ya kawo ni, shagon littattafai ya riƙe ni. A shagon muka haɗu. Ya shigo ya tarar ina karanta wani ƙaton littafi kan siyasar Amurka, ya ɗaga shi ya auna nauyinsa a hannu, ya ce marubucin ya yi ƙoƙari, amma da gani bai taɓa tsayawa a ƙofar masana'anta ranar da aka sa mata kwaɗo ba.

Shi ya tsaya. Ya ba ni labarin yadda aka kwance injinan da ya yi rabin rayuwarsa yana lallashi, aka loda su a manyan motoci za a kai wata ƙasa inda ƙwadago ya fi araha. Kafin nan an sa shi ya koya wa baƙin da za su gaje shi yadda ake sarrafa su, ya kuma koya musu tsakani da Allah, har da wurin da ake ɗan bugawa da tafin hannu idan injin ya yi gardama. Bai taɓa zagin mutanen nan ba. Cewa yake su ma iyayen wasu ne. Abin da yakan faɗa shi ne, "Sun ce mana duniya ta zama gari guda. Ban musa ba. Sai dai ba su gaya mana unguwarmu za a rushe a yi titi ba."

Ni na san rabuwar kan Amurkawa a takarda, shi ya san ta a kan layinsu. Akwai wani Bature maƙwabcinsa da suka yi aiki tare aka kuma sallame su tare. Da zaɓe ya zo, mutumin ya kafa allo a ƙofar gidansa yana goyon bayan masu cewa a rufe iyaka a rage baƙi. Amma duk safiyar da ƙanƙara ta zuba, shi ne ke zuwa da shebur ya share wa Alhaji hanya saboda ciwon bayansa. Na tambaye shi yadda ya haɗa waɗannan biyun a ransa. Ya ce bai haɗa ba, ya dai ci gaba da kai masa dambun nama. A ganinsa wanda ya rasa aiki ba ya iya fushi da jirgin ruwa ko da kasuwar duniya, sai ya nemi fuskar da ke kusa.

Wannan haƙurin ya zo da shi aikin alhazai. Idan ya lura da mutum biyu a tawagarsa da siyasa ta sa suna harare-harare, to kujera ɗaya zai haɗa su tun daga tashar Kudai, ya ce wai tsarin kamfani ne. Babu wani tsarin kamfani. Ya taɓa ce mini a Muzdalifa, inda alhazai ke kwana a ƙasa, nan kaɗai ya ga Amurkawa sun yi ittifaƙi a kan magana ɗaya, wato ƙasa tana da tauri.

Abin da ya gagare shi yana cikin gidansa. Mukhtar, babban, ya zauna a garinsu da rufe masana'antar ya kashe, yana tuƙa babbar mota, yana kallon abokan makarantarsa suna lalacewa ɗaya bayan ɗaya. Ya bi masu alƙawarin dawo da masana'antu. Bashir ya tafi babban birni a bakin teku, yana aikin kwamfuta da abokan aiki a ƙasashe daban-daban, ya bi ɗaya ɓangaren. A wani bikinsu na shekara da iyali ke taruwa a ci talo-talo, Bashir ya ce wa yayansa ai ya zaɓi mutanen da ba sa son ganin irin ubansu a ƙasar. Mukhtar ya ce masa shi kuma daga abin da ya kashe garinsu yake ci. Tun daga ranar ba su sake magana ba. Ko a jana'izar mahaifiyarsu, kowa gefensa ya tsaya. Alhaji ya ce mini abin da ya fi ƙona masa rai shi ne kowannensu yana da rabin gaskiya, kuma kowanne yana ganin rabin nasa ya ishe shi.

Sai ya ƙulla dabara, ya sa ni a ciki. Ya gayyaci kowannensu Umara, bai gaya wa ɗaya cewa ɗayan na zuwa ba. Ya daidaita tafiyar yadda za su sauka Jidda rana ɗaya, Bashir da hantsi, Mukhtar da yamma. Hujjarsa ita ce za su iso cikin ihrami, mai ihrami kuwa an hana shi jayayya. Zai same su a ɗaki ɗaya, bakinsu a ɗaure, ya faɗi abin da ya daɗe yana son faɗa. Na fara yi masa bayanin abin da malamai suka ce a kan mas'alar, da inda suka faɗaɗa da inda suka taƙaita. Ya ɗaga hannu ya ce, "Malam Tukur, ajiye ilimin nan sai sun koma." Ni zan ɗauko Bashir, shi zai ɗauko Mukhtar. Katifun da za su kwana a kai ya je saye.

Haka na ƙarasa filin jirgi da labari biyu a bakina, ban san wanda zan fara ajiyewa ba. Bashir ya fito cikin fararen yadi biyu, yana riƙe na saman kamar zai gudu ya bar shi, yana murmushi yana leƙen bayana ko zai ga Baba. Na zaunar da shi na gaya masa. Bai yi kuka nan take ba. Ya yi ta maimaita cewa jiya suka yi waya, jiya jiyan nan. Da ya ɗan natsu na ce masa ba za mu tafi yanzu ba, akwai wanda muke jira. Da na faɗi sunan, ya dube ni kamar na sake yi masa wata rasuwar.

Mukhtar ya fito da yamma. Ƙaninsa ya fara gani, fuskarsa ta ɗaure, ya buɗe baki, sai ya dubi yadin da ke jikinsa ya rufe. Ban san ko a jirgi ya karanta hukuncin ba, ko Alhaji ne ya riga ya karantar da shi ta waya. Bashir ne ya gaya masa, da Hausarsu ta 'ya'yan ƙetare: "Yaya, Baba ya rasu." Daga Jidda zuwa Makka babu wanda ya ƙara cewa komai sai talbiyya, ita ma can ƙasa-ƙasa. Ina kallonsu ta madubi, kowa ya manne da tagarsa. Tsarin da Alhaji ya yi ya tafi daidai, shi kaɗai ne babu.

Washegari aka sallace shi a Masallacin Ka'aba bayan Azahar, tare da wasu mamatan da ba mu san su ba, aka kai shi maƙabartar Shara'i. 'Ya'yansa suka sa shi a kabari, ɗaya ta kai ɗaya ta ƙafa. Daga nan suka yi ɗawafi da sa'ayi. Bashir ya yi aski ya sa jallabiya. Mukhtar ya ƙi. Na tuna masa cewa aski ne kaɗai ya rage ya fita daga ihrami. Ya ce, "Kawu, na sani. Muddin ina cikin yadin nan ba ni da izinin faɗin abin da ke bakina. A bar ni a ciki."

A Makka ana zaman makoki kwana uku tsakanin Magariba da Isha. Ana jera kujeru a layi, a rataya fitilu, iyalan mamaci su tsaya sahu ɗaya, masu ta'aziyya su bi su ɗaya bayan ɗaya suna dafa kafaɗar kowa. Ammu Bakur ya tsara komai. Da ya ga 'yan'uwan sun bar gurbin mutum guda a tsakaninsu, sai ya kama su ya matso da su, ya ce a nan ba a barin fili a sahu, ayb ne, abin kunya. Haka suka tsaya kafaɗa da kafaɗa, ɗaya da jallabiya ɗaya da ihrami, direbobin Kudai da ɗaliban jami'a da tsofaffin Zahir suna wucewa suna gaya musu irin alherin da ubansu ya yi musu.

A rana ta uku da hantsi na je gidan. Mai shagon katifa ya aiko da katifun nan biyu, na gan su shimfiɗe a ɗaki ɗaya, don gidan ba shi da wani ɗakin. Na tarar da Mukhtar zaune a kan kujerar roba a tsakar falo, tawul a wuyansa, Bashir na tsaye a kansa da injin askin mahaifinsu. Gashi na zuba, Mukhtar ya ce, "Har yanzu ina ganin ba ka da gaskiya." Bashir ya ce, "Na sani, Yaya. Daina motsi, kar in yanke ka."

Ba zan ce sun shirya ba, don ban ji sun ce haka ba, kuma Alhaji ya tsani ƙarin gishiri. Na dai mayar da su Jidda a mota ɗaya, suna musu tun daga Zahir har filin jirgi, da Turancin da ya fi ƙarfin kunnena. Shekaru Alhaji ya yi yana roƙon Allah ya sake jin wannan hayaniyar. Ni aka ba ni jin ta, a madadinsa.

Allah ya jiƙan Alhaji Sa'idu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa ƙasar Makka da ta karɓe shi ta zame masa shaida ta alheri. Allah ya haɗa shi da Hajiya Rabi a Aljannar Firdausi. Mukhtar da Bashir, Allah ya ba ku haƙurin rashinsa, ya ba ku haƙurin juna, ya sa kada ku sake buƙatar ihrami kafin ku zauna ɗaki ɗaya. Mu da ya bari a Zahir, Allah ya kyautata namu ƙarshen. Amin.